Sawun Tayarka a Ƙofar Gida

Birnin Kudu, ranar Talata.

Zuwa gare ka, yaron nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka wayi gari lafiya a Gwaram. Allah ya sa ka shiga sabon garejinka da ƙafar dama, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, ya tsare ka a tafiyarka da zamanka. Innarka tana gaishe ka, ko da yake ka san ba za ta ce ta ce ba.

Ba labarin gida na zauna in ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi shekaranjiya. Magana ɗaya ce ta hana ni cin abinci. Kan babur ɗinka yana yawo, kuma na ji ran Juma'a za ka je Fagam ka ɗauko iyalinka da jaririn, tunda ta gama wankan jego a gidansu. Kada ka ɗora su a kan babur ɗin nan sai ka sake kwance wuyansa ka duba. In ka ga dama ka tsaya da karatu a nan. Abin da ya rage surutun tsoho ne, amma ina roƙonka ka daure.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Kai ɗan fari ne, kuma ni da uwarka mun riƙe kunyar ɗan fari yadda muka tarar iyayenmu sun riƙe. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, ban taɓa zama da kai mun yi hirar da ta wuce ta miƙo sifana da riƙe nan ba. Ƙannenka su hau kafaɗata, kai kuwa in mun haɗu a soro sai kowa ya dubi bango. Ana yabona da hakan a unguwa, ana cewa Garba bakanike mutum ne mai kara. Yau ina duban karar nan, ban ga abin da ta tsinana mini ba.

Safiyar da za ka tafi ina zaune a dakali, maƙwabta sun taru suna yi maka sallama. An yi ruwa, ƙasa ta kwanta lumui. Ka ɗaure akwatin kayan aiki a baya, ka tayar, ka bi layi a hankali. Kowa yana kallon ƙeyarka, ni ina kallon ƙasa, don abin da na saba ke nan. Sawun tayarka bai miƙe ba. Ya karkata dama kaɗan, ya dawo, ya karkata hagu, ya dawo, kamar inda maciji ya wuce, kuma na ga kafaɗunka suna gyara shi ba tare da ka sani ba. Na buɗe baki in tsayar da kai, sai na tarar ba ni da abin da zan kira ka da shi. Na ce, "Kai." Mutane suka waiwayo, ban da kai. Ka sha kwanar masallaci ka tafi.

Da la'asar na kira ka a waya da niyyar in faɗa. Na ce, "Kun sauka lafiya?" Ka ce, "Lafiya lau, Baba." Na ce, "To, madalla." Na kashe. Innarka tana gefe tana tankaɗe, ta dube ni ta ce, "Shi ke nan maganar da ka ƙi cin tuwo a kanta?" Na ce ita ta karɓa ta faɗa mana. Ta mayar da kanta kan rariya, don kunyarta ta ninka tawa.

Sai na sa ƙanwarka Rabi ta kira ka. Ina jin muryarka ta cikin wayar, kana dariya, ka ce, "Ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Sabon boris ne na sa, zai saki."

Wannan kalma ita ta kwantar da ni. Ba kai ka ƙirƙiro ta ba, a bakina ka tsince ta. Shekara da shekaru ina sallamar masu babur da ita a gindin darbejiyar garejina. Kuma makon jiya, da kake canza boris ɗin wuya, ƙwallayen nan da kan babur ke juyawa a kansu, da man shokazoba na ƙafafun gaba a tsakar gida, ina kwance a ɗaki ina jin yadda kake dukan notin wuya da guduma da cizal. Na gane bugun, nawa ne. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Wanda ya fara faɗin haka bai tambayi irin uban ba.

Bari in gaya maka inda kalmar nan ta kai ni. Kai ka san marigayi Baffanka Idi a kwance, kai kake ɗaukarsa ka fitar da shi hantsi, kai kake juya shi in bayansa ya gaji. Saboda ƙaunar da ke tsakaninku ka sa wa ɗanka sunansa. An gaya maka akuya ce ta gitta masa a hanyar Gwaram. Haka kowa ya sani, haka ni ma nake amsawa in an tambaya. Babu wata akuya.

Idi ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana noman riɗi a gonarmu ta wajen Kangire, babur ɗinsa shi ne jakinsa. Ramukan hanya suka cinye masa boris, kan yana ƙwal-ƙwal in ya taka birki, ƙafafun gaba kuma suna yoyon mai. Ya kawo mini. Na fitar da tsofaffin kwanukan da boris ke zama a ciki, na buga sababbi, na zuba wa shokazoba mai da ido, wannan ƙafa a tsiyaya, waccan a tsiyaya. Da na zo kan notin wuya sai na ɗaure shi tamau. Ka san halin mutanenmu: mai babur zai kama kai ya jijjiga, in ya ji shi ƙam kamar an dasa, sai ya ce an yi aiki. In ya ji kan yana juyawa sakayau sai ya ce bakanike ya yi ha'inci. Mu kuma muka bi son ransu, muka mayar da tauri shi ne ƙwarewa.

Ga gaskiyar da na sani tun a lokacin, na take ta. Babur ba hannun mai shi ne kaɗai ke miƙar da shi ba, shi ma yana gyara kansa. In ya ɗan karkata, tayar gaba takan juya kaɗan da kanta ta tare shi, abin da ido ba ya gani. In ka shaƙe wuya, tayar ba ta samun juyawa a kan lokaci. Sai ta maƙale, sai ta ƙwace ta wuce gona da iri, mai tuƙi ya dawo da ita, ta sake wucewa ta ɗaya gefen. Yawon ke nan. Don haka idan ka gama aikin wuya, ɗora babur a jak ɗin tsakiya, a danne baya tayar gaba ta bar ƙasa. Miƙar da kan, ka ɗan taɓa shi da yatsa. Ya kamata ya sulale gefe da nauyin kansa, dama da hagu, in dai ba wayar birki ko ta kuloci ce ta riƙe shi ba. In ya tsaya inda ka bar shi, ka shaƙe shi. Sannan ka tsuguna ka kama ƙafafun gaba daga ƙasa, ka ja ka tura. In ka ji ƙwal, ya yi sako-sako. Tsakanin waɗannan biyu aikin yake, kuma wurin siriri ne, guduma ba ta samunsa. Ka kuma tuna babban notin sama in ka ɗaure shi yakan ƙara matse na ƙasa, saboda haka bayan ka ɗaure sai ka sake gwadawa.

Bayan 'yan kwanaki Idi ya dawo. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yaya, kamar kan nan yana ɗan yawo, musamman in ina tafiya a hankali." Ban ko ɗago daga injin da nake kwancewa ba. Na ce, "Sabo ne, zai saki." Ya ce, "To, Yaya." Ya tafi.

Boris ba takalmi ba ne da zai saki in an taka. Wanda aka shaƙe, duk ramin da taya ta faɗa sai ƙwallayen su dasa kansu a jikin kwano, su yi masa gurbi daidai inda kai yake miƙewa. Daga nan kan ya riƙa faɗawa gurbin yana maƙalewa, kuma ko ka sassauta noti aikin gama ya gama, sai dai sabon kwano. Wanda yake saki shi ne kwanon da ba a buga ya zauna har ƙasa ba. Shi kuwa in ya zauna a hanya sai wuya ya koma sako-sako, kan ya kama kakkarwa a kan gudu. Ko wanne ne, duk wanda ya dawo maka da ƙorafi bayan aikinka, fara daga inda hannunka ya taɓa na ƙarshe. Kada ka fara da zargin hanya, ko iska, ko mai babur. Da na ba Idi lokacin da ake shan kofin shayi a ranar, da yanzu yana gona.

Ya sake dawowa. Wannan karon na tashi, amma ba don in nemi laifina ba, don in nemo wa laifin wani gida. Na ce taya ce, muka canza taya. Na ƙara mata iska har ta yi tauri kamar dutse, na ja sarƙa, na ɗaɗɗaure duk wani noti da sifana ta kama. Wuya kaɗai ban taɓa ba, don taɓa shi amsa laifi ne. Na hau na je bakin masallaci na dawo, ni kaɗai ba kaya, na riƙe kan da ƙarfin damtse, na ce ya yi daidai.

Kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. In yawon ya tafi ba ka san abin da ya kore shi ba, in ya ƙaru ba ka san abin da ya ƙara shi ba. Fara da iskar taya, gaba da baya, don ita ce mai sauƙi. Sai wuya. Sai ka tsaya a gaban babur ka dubi ƙafafun shokazoba, ko tsayinsu ɗaya a inda aka damƙe su, ko ɗaya ta murɗe. Mansu a gwangwani ɗaya za ka auna, kada ka yarda da idonka, nawa ya fi naka kaifi kuma ya cuce ni. Kada ka ƙarasa ɗaure aksul ɗin da tayar gaba ke juyawa a kansa da notunan da ke riƙe ƙafafun sai ka sauke babur ƙasa, ka kama birki ka danna gaban ya yi sama da ƙasa, komai ya sami mazauninsa. Sannan ka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ka ga ko suna bin layi ɗaya, don wanda ya ja sarƙa ta gefe guda ya karkatar da baya ke nan. Gwaji kuma ba zuwa bakin masallaci ba ne. Hau shi a hankali da sakakken hannu, hau shi a kwalta da gudu, sannan ɗaura masa buhu ka sake, tunda mutanenmu ba sa hawan babur su kaɗai.

Zuwansa na uku shi ne wanda ba na son tunawa. Ranar gareji cike yake, 'yan acaɓa suna zaune a benci ana hira. Idi ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya don kada ya kunyata ni, ya ce, "Yaya, wallahi har yanzu yana yi." Ni kuwa na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce, "Malam, hannunka ne ke rawa, ba babur ba. In tuƙin ya fi ƙarfinka ka koma kan jaki." Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ce, "Haka ne, Yaya, wataƙila ni ne." Bai ƙara kawo maganar ba. Babban wa uba ne, ba zai ƙaryata ni a gaban mutane ba, ba zai kuma kai babur ɗin wurin wani bakanike ba, kada a ce ya raina aikin ɗan'uwansa.

Ka ji tsoron mai babur da ya daina ƙorafi, musamman in naka ne, ko malaminka, ko surukinka. Baƙo zai zage ka ya tafi wani gareji, ya tsira. Na gida kunya za ta sa ya ci gaba da hawan abin da zai kashe shi. A Gwaram dangin iyalinka ne za su fara kawo maka aiki, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce maka aikinka bai yi ba. Kai za ka bi su ka tambaya, ka karɓi babur ka hau da kanka.

Ranar kasuwar Gwaram Idi ya biyo ta gaban gareji da buhunan riɗi, ya ɗaga mini hannu. Na dubi ƙasa, na ga sawun nan mai lanƙwasa, irin wanda na gani shekaranjiya. Shi ina iya kiran sunansa, ba abin da ya hana ni sai mutanen da ke kan benci, waɗanda suka yi dariya rannan. Na ce a raina in ya dawo da yamma zan karɓa in duba a ɓoye. Kafin azahar aka zo aka gaya mini. A wani gangare babbar mota ta wuce shi, iskarta ta ture shi kaɗan, kan ya ƙi dawowa, da ya dawo kuma ya wuce. Ya faɗa kwalbati, buhu ya bi ta bayansa. Wani ya ce kamar ya ga akuya a wurin, na kama maganar nan hannu bibbiyu.

Da aka kawo babur ɗin na kwance wuyan ni kaɗai. Kwanon ƙasa duk gurabu ne a jere, farce yana faɗawa ciki. Ƙafar dama ta fi ta hagu tsayi, man da ke ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. Ga kwanon nan na naɗe a tsumma na haɗa da takardar nan, direban da zai miƙa maka bai san mene ne ba. Sa farcenka ka zagaya cikinsa. In ka kwance naka ka ji ko alamar haka, jefar da shi ka sa wani.

Sau ɗaya na yi yunƙurin gaya wa Idi. Yana kwance a soro, na zauna a bakin tabarma na ce, "Idi, game da babur ɗin nan." Ya dube ni, ya ce, "Yaya, miƙo mini butar can, lokacin salla ya yi." Ya sani. Tun ranar farko ya sani, shi da yake riƙe da kan. Ya rufa mini asiri har ya koma ga Allah, ya bar ni da abin da ba wanda zan roƙa ya yafe. Na sha jin malamai suna cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma na yi imani da haka. Amma na san da hannun wa aka rubuta wannan.

Ba na ɓoye maka, ba ni da ƙarfin zuciya a kan takardar nan. Bayan abin da ya faru na gyara yadda nake ɗaure wuya, amma a shiru na gyara, ban taɓa gaya maka dalili ba, kai kuma ka riga ka ɗauki na farkon tun kana ƙarami. Bakin nawa ma bai daina cewa zai saki ba in aiki ya yi yawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na tanƙwara ka ta inda bai kamata ba, yanzu na zo da hannun da ko ƙwayar boris ba ya iya ɗauka, ina cewa a miƙe. Wani lokaci ina zaune a dakali babura suna wucewa, sai in riƙa tunanin nawa ne a cikinsu suka bi ta hannuna, nawa ne suka faɗi a hanyar Zandam ko ta Kangire aka ce akuya ce. Na ɗauka sana'a na bar maka. Ban sani ba ko abin da na bar maka ya fi wannan kalma guda.

Na kuma san mai yiwuwa ka karanta ka ce tsufa ne ya kama Baba, ko ka ji zafin abin da na yi wa Baffanka har ka ƙi jin sauran. In ka tsane ni a kansa ba ka yi laifi ba, ka fi ni kusa da shi, kai ka san nauyinsa a hannu. Ka tsane ni, amma ka kwance wuyan. Hanyar Fagam ka san ta, ga gangare ga duwatsu, ga mace a baya da goyo da ƙullin kayan jego. Ita ba za ta ce maka babur yana yawo ba, za ta ƙanƙame yaron ta yi shiru. In aikin bai kammala kafin Juma'a ba, ku shiga mota, ko ta ƙara kwana a gidansu. Ba wanda ya taɓa mutuwa don surukai sun ce ya makara.

Shi wannan ɗan ƙwacen, jikana Idrisu, ina iya kiran sunansa in cika baki, har in ce ya zo mu yi dambe a kan kakarsa. Sau ɗaya na gan shi, ranar suna. Idrisu ɗaya na sa a kan babur mai shaƙaƙƙen wuya ina kallo. Ba ni da sauran abin da zan ɗauki na biyu da shi.

Allah ya tsare ka, ya tsare iyalinka, ya raya yaron nan a kan ƙafafunsa. Allah ya kiyaye gabanku da bayanku a kowace hanya, ya sa hannunka ya zama sanadin isar mutane gida lafiya. Allah ya jiƙan Idi, ya sa haƙurinsa ya zame masa haske, ni kuma ya dube ni da rahama in da sauran rabo. Ka gaishe da surukanka in ka je.

Saura abu ɗaya da ya kamata in yi shekaranjiya a gaban maƙwabta. Sulaimanu. Ga shi na rubuta, alƙalami bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ashe iyakar nauyinsa ke nan, na kasa ɗagawa tun ranar da aka raɗa maka shi.

Sulaimanu, tsaya. Sauka ka duba wuyan babur ɗinka.

Ni ne mahaifinka,
Garba.